TAMBAYI KOCI: "Kullum ina fili amma ƙafata ƙara mutuwa take"

TAMBAYA: Salam Koci, sannu da ƙoƙari. Ni shekarata 19 daga Kano, ina buga lamba 8 a wani kulob na unguwa, kuma nan da sati shida akwai gwaji da za a yi mana wai masu ɗaukan 'yan wasa za su zo. To tun wata uku da suka wuce na ce wlh wannan karon sai an ɗauke ni, sai na ƙara tirenin, ana idar da asuba nake gudun titi wajen kilomita 10, ƙarfe tara in tafi shagon ɗinki wajen ogana har la'asar, da yamma tirenin ɗin kulob awa biyu, da daddare kuma kwana uku a sati ina zuwa ɗaga ƙarfe, Asabar da Lahadi in an samu wasa ina bugawa. Amma abin mamaki maimakon in ƙara gudu sai raguwa nake, yaran da da nake wuce su yanzu su ke barina a baya, ƙafata nauyi kamar an ɗaura min bulo, in na kwanta barci ba ya zuwa sai wajen ɗaya ko biyu, abinci ya fita raina, mura sau biyu a wata ɗaya, ga saurin fushi har a gida an fara magana. Wani abokina ya ba ni taramol na sha kafin tirenin, ranar na ji garau amma washegari abin ya fi na da. Wasu kuma na cewa hannu aka sa min. Dan Allah me zan ƙara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ƙarshen saƙonka ne ya ba ni dariya, wai me za ka ƙara, kai da ka lissafo min aikin mutum uku. Ba abin da za ka ƙara sai barci da tuwo. Maganar hannu kuwa ka yi ta addu'arka, amma ni dai hannun da na gani a jikinka naka ne.

Ga yadda abin yake. Shi tirenin ba a fili yake ƙara maka ƙarfi ba, a fili ɓarna kake yi wa jiki, tsoka tana 'yan tsattsagewa da ido ba ya gani, man da ta tara daga abinci yana ƙonewa, sai ka koma gida ka ci ka kwanta sannan jiki ya zauna ya ɗinke ɓarnar har ya ɗan ƙara a kan yadda yake da. Wannan ɗan ƙarin shi ne ribar. Kai da kake shagon ɗinki ai ka fi ni sani, in ana kawo maka riga ka ɗinke, kafin ka cire ta daga keke a fizge a sake yagawa, yaushe za ta zama riga? Wasan ƙwallo guda na minti 90 da aka buga da gaske yakan ɗauki ƙafa kwana biyu zuwa uku kafin ta dawo daidai, kai kuma ka buga Asabar, ka buga Lahadi, Litinin da asuba kana kan titi.

Masana sun kasa abin mataki uku. Akwai gajiyar da koci yake jawowa da gangan, a matsa wa yara sati ɗaya ko biyu, a sassauta musu 'yan kwanaki sai su tashi sun fi da, wannan ba laifi. Akwai wadda ta wuce nan, wasa ya lalace kuma sai an yi makonni ko wata da watanni kafin a dawo. Sai ta ukun wadda ita ce muguwar, mutum ya shafe watanni da yawa yana hutawa jiki ya ƙi dawowa, wani daga nan ma ƙwallon ta ƙare masa. Daga bayaninka ina zaton kana ta biyu, kuma kana ƙwanƙwasa ƙofar ta uku.

Amma kafin ka yarda da zatona, ka je asibiti tukuna. Wannan ba na wasa da shi, don a nan wajenmu kasala da rashin cin abinci da ramewa duk maleriya tana kawo su, taifod ma haka, ƙarancin jini ma haka, kuma babu wani gwaji guda da ake yi a ce ga yawan tirenin ya fito, sai an kore sauran tukuna. A duba maleriya, a duba yawan jininka, in ba ka san rukunin jininka na sikila ba a duba maka shi ma. Kar ka tsaya a kemis a haɗa maka magani a leda.

Taramol kuma ka yar da shi yau, ba gobe ba. Bai cire maka gajiya ba, bakinta kawai ya toshe ka daina ji, ka je ka ƙara ɓarna a kan ɓarna, shi ya sa washegari ka ji a jikinka. Ga kama mutum da yake yi har ya kasa dainawa, ga farfaɗiya da yake tayar wa wasu. Sannan kai da kake mafarkin fita waje, hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024, in aka gani a fitsarinka dakatarwa ce.

Kar kuma ka ɗauka ragwanta ce ta same ka. Ka tuna Pedri, yana ɗan shekara 18 ya buga wasa 73 a kakar 2020/21, ya buga wa Barcelona, ya buga wa Sifen gasar ƙasashen Turai, daga nan ya wuce Olamfik a Tokyo, bayan ya dawo, a watan Satumba cinya ta kama shi ya shafe watanni a waje. Rodri na Manchester City ma a Satumban 2024 ya fito ya ce wasanni sun yi wa 'yan wasa yawa har suna gab da yajin aiki, ba a yi sati ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasansu da Arsenal. Ban ce lallai yawan wasa ne ya tsinke ta ba, rauni yana da dalilai da yawa, amma ka duba, mutanen nan suna da likitoci da masu tausa da mai dafa musu abinci na musamman da ɗaki mai sanyi, duk da haka suna kuka, balle kai da kake taka keken ɗinki awa bakwai ka kwana cikin zafi ba wuta. Zaman shagon nan ma nauyi ne, jiki ba ruwansa da wannan tirenin ne wancan neman abinci ne, duk a asusu ɗaya yake rubutawa.

To ga abin da nake so ka yi da sati shidan nan. Satin farko ka ajiye komai, in zama ya ishe ka ka ɗan taka da ƙafa bayan magariba ko ka ɗan juya ƙwallo kai kaɗai na minti ashirin. Na san zuciyarka za ta yi ta ce maka ana wuce ka, ba a wuce ka ba, ƙarfin da ka tara wata uku ba ya zubewa a kwana bakwai. Sati na biyu in barci ya dawo kuma ka fara jin yunwa, ka koma tirenin ɗin kulob kaɗai, kwana uku ko huɗu. Gudun titin nan na kullum ka soke shi gaba ɗaya, ɗan tsakiya ba gudun famfalaƙi yake yi a fili ba, tashi ne da tsayawa da juyawa, kuma kwalta cin ƙwauri take. Ƙarfe sau biyu a sati ya isa, wasa ɗaya a ƙarshen mako, rana ɗaya kuma cur ba ka taɓa komai. Kar ka jera rana mai zafi biyu, in yau ka sha wuya gobe ta zama mai sauƙi, sauƙi na gaske wanda za ka iya hira kana yi. Ko Kipchoge na Kenya da ya yi gudun kilomita 42 a ƙasa da awa biyu a Vienna a 2019, yawancin gudunsa na sati a hankali yake yin sa. Kwana goman ƙarshe kafin gwajin ka rage yawan aikin kamar rabi amma ka bar saurin, gajere-gajere masu zafi, ka isa wajen ƙafa tana ƙaiƙayi.

Ka sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare. Kullum da ka farka, kafin ka sauko daga katifa, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun zuciya minti ɗaya ka rubuta. In ka saba ganin 58 sai ka ga 66 ko 68 kwana uku a jere, ranar sassautawa ce ko da koci zai yi faɗa. Bayan kowane tirenin kuma ka ba shi maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon wuyar da ka sha, ka ninka da mintunan, misali minti 90 da wuyar 7 ya zama 630, ka tara na sati. Ba lambar ce abin dubawa ba, tsallen ne, kar wannan satin ya zama 2,000 na gaba ya zama 3,500. Ni yaran da nake horarwa har yanayin barci da na rai nake sa su rubuta, don sau da yawa yaro yakan fara ɓata rai da ƙin zuwa fili tun kafin ƙafarsa ta nuna.

Abinci kar ka ce sai mai tsada. Shinkafa da wake, tuwo, dankali, fura da nono, awara, ƙwai, ƙuli-ƙuli, kifi in an samu, kuma ka ci wani abu da ka dawo daga fili ba sai dare ya raba ba. Ruwa kuwa in akwai sikeli ka hau kafin tirenin da bayansa, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta zufa, ka mayar da kamar leda uku ta fiya wata a hankali. Barci awa takwas, wanda ke nufin waya ta kwanta ƙarfe tara tunda asuba ba ta jira.

TAMBAYA: Koci ni mace ce, shekarata 22, ina gudu kuma ina shirin shiga gasa, na rage cin abinci sosai don jikina ya yi sauƙi kuma ina tirenin kwana shida. Yanzu wata na huɗu ke nan ban ga al'adata ba, ba ni da aure, wata ta ce min haka 'yan wasa suke ba komai. Sannan ƙwaurina na hagu yana min ciwo wuri ɗaya in na danna.

AMSA: Ƙanwata, wadda ta ce miki ba komai ta yi kuskure, ko da yake ba ita kaɗai ba ce, an daɗe ana faɗin haka a filaye. Abin da kike ci bai kai abin da kike ƙonawa ba, sai jiki ya shiga tsimi, ya rufe abin da yake ganin zai iya jira, al'ada tana cikin na farko. Kwamitin Olamfik na duniya ya sa wa matsalar suna RED-S a 2014, kuma maza ma tana kama su, su dai ba su da alamar da za ta tona da wuri. Inda abin ya fi damuna shi ne ƙashi, sinadarin da ke tafiyar da al'ada shi ne kuma ke riƙe ƙarfin ƙashin mace, in ya yi ƙasa ƙashi yana rauni a daidai shekarun da ya kamata yana cika. Shi ya sa ciwon ƙwaurin nan da kike iya nunawa da yatsa ɗaya bai kwanta min ba, yana iya zama ƙashin ne ya fara tsagewa, kuma hoton ƙashi na farko da ake ɗauka a asibiti sau da yawa ba ya nunawa. Ki tsayar da gudu ki ga likita, ki gaya masa duka biyun tare, al'adar da ƙafar, kar kunya ta sa ki faɗi ɗaya ki ɓoye ɗaya, akwai wasu cututtukan ma da ke tsayar da al'ada da ya kamata a duba. Ki koma cin abinci sau uku har da ƙari, kuma ki daina fita gudu da safe ciki ba komai. Gasar bana in ta wuce ki, ta wuce.

TAMBAYA: Malam ina shirin shiga soja ne, na daɗe ban motsa jiki ba, shekaranjiya wani ya sa mu tsallen kwaɗo da tsugunne-tashi wajen ɗari uku da rana tsaka. Yanzu cinyata ta kumbura ko tsuguno ba na iyawa, fitsarina kuma ya koma kalar shayi ba madara. In sha fanadol ne ko in je a yi min tausa?

AMSA: Na riga na amsa maka ta waya ranar da saƙon ya shigo, ina sa shi a nan ne saboda masu irin shirinka. Ba tausa, ba maganin kemis, asibiti yau ɗin nan. Wannan kalar tana nuna tsoka ta farfashe abin cikinta ya zubo cikin jini, ƙoda ce take fama da tace shi, kuma yana iya toshe ta har a kai ga wankin ƙoda. Ƙarin ruwa ake sawa da wuri a auna aikin ƙodar. Ka guji ibuprofen da diclofenac da ire-irensu don ƙara wa ƙoda wahala suke. A hanya ka riƙa shan ruwa, in ka san rukunin jininka na sikila AS ne ka gaya wa likitan tun a bakin ƙofa, kuma ka kira waɗanda kuka yi tsallen tare ka tambaye su kalar nasu fitsarin.