Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ido Ya Fi Kama Haske a Kan Launi?

Tambaya: Sana'ata ɗinkin hula ce a Zariya. Idan na ɗora baƙin zare a kan farin yadi, ina rarrabe kowane ɗinki daga nesa, amma jan zare a kan koren yadi sai ya riƙa cakuɗewa, da almuru kuwa launukan ma ɓacewa suke yi. Idona ne ya fara rauni?

Amsa: Malam, abin da ka bayyana halittar idon ɗan Adam ce. A tantanin da ke can cikin ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu: masu siffar sanda, kimanin miliyan 120, waɗanda ba su san launi ba, da masu siffar mazurari, kimanin miliyan 6, waɗanda ke gane launi amma sai da wadataccen haske. Da almuru na farkon ne ke karɓar aiki, shi ya sa kake ganin siffar hula ba launinta ba.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, alhali wannan bai amsa batun zarenka ba, domin da rana tsaka masu siffar sanda kusan ba sa aiki. Masu siffar mazurari kashi uku ne, wasu sun fi jin ja, wasu kore, wasu shuɗi. Idan ana neman haske ko duhu, ido yana tara saƙon masu ja da masu kore ne kawai, amma kafin ya tantance launi dole ya gwada saƙon wata ƙwaya da na maƙwabtanta, wannan gwadawar kuwa tana cin fili, sai ƙananan layuka su narke a ciki. Ja da koren da haskensu ya zo ɗaya ba su bar wa ido wata bayyananniyar iyaka da zai kama daga nesa ba. Sai dai idan ko a kusa, da rana, ba ka bambanta su, ka ga likitan ido.

Injiniyoyi sun daɗe suna cin moriyar wannan. Tsarin talabijin mai launi da Amurka ta amince da shi a 1953 ya ware wa launi ɗan gurbi kaɗan idan aka kwatanta da na haske, kuma yawancin hotuna da bidiyon da ke wayarka a yau suna ajiye bayanin haske cikakke, na launi kuwa rubu'i kawai.