Na sa farar fitila mai ƙarfi, me ya sa har yanzu ba na gani da dare?

Tambaya: Ni direban haya ne, ina jigila tsakanin Funtuwa da Zariya, kuma sau da yawa dare kan riske ni a hanya. Na cire ƙwan fitilar da motata ta zo da shi na sa farin LED da ake yayi. A gaban mota haske tar kamar rana, amma ramuka da masu tafiya a gefen titi sai na zo daf da su nake ganinsu, masu tahowa kuma sai dalle ni suke da ful. Shin in ƙara wata fitilar a kan bamba?

Amsa: Malam, kada ka ƙara. Matsalarka ba ƙarancin haske ba ce, inda hasken yake sauka ne.

Gidan fitilar motarka an ƙera shi ne don ƙwan halojin, wato irin wanda motar ta zo da shi. Madubin da ke ciki yana tattara haske daga wani ɗan siririn zare da ke zaune a wuri guda, ya jefa shi nesa a kan kwalta, ya kuma yanke shi daga sama don kada ya shiga idon mai tahowa. Ƙwan LED na kasuwa ba daga wannan wurin yake fitar da haskensa ba, don haka sai ya watse: wani ya zube a gindin bamba, wani ya tashi sama. Wanda ya tashi sama shi ne yake sa ake dalle ka. Wanda ya zube kusa kuwa ya fi cutar da kai, domin idan mita goma na gabanka suka yi fari fat, ƙwayar idonka tsukewa take yi, abin da ke can nesa cikin duhu sai ya ɓace maka. Kana jin kamar kana gani sosai, alhali nesa kake bukata.

Bari mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ka hango abu, ka gane shi, ƙafarka ta kai kan birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, wato sama da mita 40. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, zai ci wasu mita 50 ko fiye. Dim kuwa, ko lafiyarsa ƙalau, bai cika wuce mita 50 zuwa 60 ba. Ka ga ke nan duk wanda ke gudun 100 a dim ya riga haskensa gudu. Tirelar da ta lalace a kan hanya ba danja, an jera mata ganye a baya, lokacin da zai gan ta aikin gama ya gama. Shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke matsa wa manyan motoci su manna sitika mai ƙyalli, wadda ke mayar da haske tun daga nesa.

Ka mayar da ƙwan asali, sannan ka gwada saitin fitilar. Da dare ka tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, ka kunna dim. Layin da haske ya yanke ya kamata ya sauka ƙasa da tsayin fitilar da kamar santimita 10. In ya haura, mai gyaran wutar mota zai daidaita maka da sukurun da ke bayan fitilar. Ka yi gwajin da lodi, don buhunan masara a but suna danne bayan mota su ɗaga hancinta sama. Murfin fitilar in ya yi ja ya dushe, a goge shi ko a sauya. Gilashin gaba kuma a wanke shi har ta ciki, don maiƙon da ke kansa yana baza hasken mai tahowa.

Akwai kuma motocin da aka shigo da su daga Ingila ko Japan aka juya musu sitiyari amma aka bar fitilunsu. Can hagu suke bi, fitilarsu ta karkata hagu, mu kuwa tun 1972 dama muke bi, sai hasken ya faɗa kai tsaye a idon mai tahowa. In taka irin wannan ce, gidan fitilar gaba ɗaya za a canza.

Idan aka dalle ka, kada ka rama. Makafi biyu ke nan suna tunkarar juna. Sauke idonka zuwa gefen titi na dama, ka sassauta gudu, don ido yana ɗaukar daƙiƙu kafin ya dawo daidai, kuma yawan shekaru ko yanar ido na ƙara tsawaita hakan. In ka lura fitilu suna yi maka kamar an zagaye su da zobe, je a duba idonka.

A hazon hunturu ka zauna a dim, ful dawo maka zai yi daga ƙura. Cikin gari ma, inda fitilun titi masu sola wasu ke ci wasu sun mutu, ka fi kula da tsakanin da ya yi duhu: nan mai ƙetarawa da baƙar riga ko babur mara danja yake ɓuya.