Karen da ke farautar kanumfari

Baffa, sau biyu na saurari saƙonka ina dariya. Ka ce ka ga bidiyon da na turo wa yara: kare yana zagaya kwalaye, manyan mutane sun yi tsit kamar ana rabon gado, alhali ko ɓera babu a ciki, anya Turawan nan lafiyarsu ƙalau? Lafiyarsu ƙalau, gasa ce ake yi.

Abin da aka ɓoye ɗan ƙyalle ne da bai kai tsawon yatsa ba, wanda aka rufe a kwalba tare da kanumfari har ya ɗauki ƙamshi. I, kanumfarin da Inna ke sa wa kunun tsamiya. A nan Ingila da shi ake fara koya wa kare, in ya ƙware a ƙara masa warin man goge bindiga. Wani lokaci a cikin kwalaye ake ɓoyewa, wani lokaci a ƙarƙashin kujera ko a jikin mota. Mai karen bai san wurin ba, alƙali ne ya sani. In kare ya gano, sai ya ƙame ya kafa hanci a wajen, ubangidansa kuma ya sanar. In ya faɗi ba daidai ba, maki ya tafi.

Na ɗanɗana da kaina. Maƙwabcina dattijo ne mai wata karya irin wadda suke kira sufaniyel, gajera, kunnuwanta na reto. Ranar atisaye ya miƙa mini igiyarta. Muna zagaya mota ta ɗaga kai, ta koma baya, ta tsaya cak a tayar baya, wutsiyar da ke ta kaɗawa ta daina motsi. Ni kuwa na riga na ƙudurta a gaban mota abin yake, sai na ja ta. Ashe yana cikin ƙarfen tayar. Dattijon ya ce karyar ta ci, ni ne na faɗi. Na tuna yadda kake hana mu magana in karenka Duna ya ɗaga hanci a fadamar Haɗeja.

Wannan wasa sabo ne. Tsohuwar gasar ita ce ta daji, wadda aka fara yi a 1865, kafin ma a kafa ƙungiyar masu karnuka ta Kennel Club a 1873. Ita da tsuntsu na gaske ake yi, a lokacin da doka ta buɗe harbi. Akwai wani tsuntsu mai doguwar wutsiya, ɗan'uwan fakara, da ake harbi daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu kawai. In an rufe lokacin harbi, da ƙunshin tamfol aka fi gwada karnuka.

Ƙa'idojin ne za su ba ka mamaki. An harbo tsuntsu ya faɗi a gaban kare, amma ba zai motsa ba sai an aike shi. In ya ruga da kansa, an cire shi. In ya yi kuka ko haushi, an cire shi. Ya ɗauko kuwa, alƙali zai shafa haƙarƙarin tsuntsun, in haƙori ya karya ƙashi shi ke nan. Da usur da hannu ake juya shi daga nesa, babu gangi, babu kirari. Sakin karnuka su bi barewa ko zomon daji su kama, kamar yadda ake yi a wajenmu da rani, dokar 2004 ta hana a Ingila da Wales.

Ka tambaya ko ina shigar da kare ɗaki kamarsu. A'a, mu Hausawan nan ba mu ɗauki wannan ba, sun kuma saba da mu a haka. Amma da na gaya wa dattijon cewa aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbar farauta da aka horar, kuma malamai da yawa sun sa sharaɗin ta kamo wa mai ita ba tare da ta ci ba, sai ya cire hula ya ce in maimaita.

Ka jera tukwane shida a bayan rumbu, ka sa ƙyallen a ɗaya, ka ba Duna guntun ƙashi duk sanda ya dace. Kada ka tsaya kusa da tukunyar, zai karanta fuskarka. A gaida Inna, a ce mata ta ɓoye kanumfarinta.