Kullum Fabric Sai Ya Tambaye Ni Wace Saba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da shafin wani ɗan shago, muna da sabobi biyu, ɗaya ta gwaji ɗaya ta ainihi, kuma da Fabric, manhajar da ke tura umarni zuwa saba daga nesa, nake tura sabon aiki. To duk sanda na buga fab deploy sai ya tsaya ya ce wai No hosts found, in rubuta masa adireshi da hannu, wallahi na gaji. Ba yadda zan yi ya riƙe adireshin ne? Daga wani ɗan'uwa a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan saƙon da ka kawo ya nuna min tsohon Fabric kake amfani da shi, na 1, don haka da shi zan fara. Ka buɗe fabfile.py, can sama bayan ka shigo da env, wato inda Fabric ke ajiye saitunansa, a wajen kowane aiki, ka sa env.hosts = ['ubuntu@adireshinka:22']. Sunan mai shiga, sai adireshi, sai lambar ƙofa, in 22 ce ma ba sai ka rubuta ta ba. Shi kenan ya daina tambaya.

Amma tsaya tukuna, akwai rami a nan kuma ni kaina na taɓa afkawa. Fabric yana fara karanta abin da ka ba shi da -H ne, wato adireshin da ka haɗa da umarnin fab lokacin bugawa, sannan ya karanta fayil ɗinka, to ka ga layin nan naka zai zo ya goge abin da ka rubuta da hannu ba tare da ya ce maka uffan ba, kai kana nan ka saki jiki wai sabar gwaji kake taɓawa ashe kan ta kwastomomi aikin yake ta tafiya, ni ranar sai bayan Isha'i na gama gyaran ɓarnar. Maganinsa layi ɗaya ne, ka sa if not env.hosts: a samansa, wato sai in ba ka faɗi komai ba zai ɗauki wanda ka ajiye. Kuma don Allah wanda za ka ajiye ɗin ya zama na gwaji. Ta ainihin ka bari sai ka kira sunanta da bakinka.

Wani kuskuren da nake yawan gani, mutum ya sa env.hosts a cikin deploy ɗin kansa. Ba zai ci ba, don kafin aikin ya tashi Fabric ya riga ya gama lissafin inda za shi. Ka yi wani ɗan aiki daban, ka kira shi ainihi misali, aikinsa kawai sa adireshin, sai ka buga fab ainihi deploy.

In kuma wata rana ka koma Fabric 2 da ya fito a 2018, ko na 3, to env ɗin ma babu shi gaba ɗaya, kar ka wahalar da kanka nemansa. Can @task(hosts=[...]) ake sawa a saman aikin, kuma -H ne yake rinjaye, sun gyara wancan ramin. Yana ma karanta ~/.ssh/config, fayil ɗin saitunan shiga saba, da kansa, sai ka ba kowace saba gajeren suna a ciki ka huta da haddace lambobi. A tsohon naka sai ka ƙara env.use_ssh_config = True kafin ya kula fayil ɗin.