Bashi ya ƙi fitowa: 'yan sanda ko kotu?

Tambaya: Wani abokin ciniki ya ɗauki atamfa ta naira miliyan 2 a shagona, shekara biyu ke nan sai "gobe, jibi". Ba mu rubuta komai ba, sai saƙonnin WhatsApp. In kai shi wajen 'yan sanda?
Ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano

Amsa: Alhaji, kada ka kuskura. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi kawai. Idan ka sa aka tsare shi, yana iya maka ka a kotu kan tauye masa haƙƙi, reshe ya juye da mujiya.

Fara da takardar neman biya mai ɗauke da adadin kuɗin da wa'adin kwana 14, ka ajiye kwafi. In bai biya ba, ka nufi kotun ƙananan da'awa da Kano ta buɗe a 2019 a ƙarƙashin majistare. Fom ake cikewa, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a gama shari'a cikin kwana 60, ko da yake wahalar isar da sammaci kan ja lokaci. Don haka ka tabbatar da adireshinsa tukuna.

Saƙonnin nan hujja ne, amma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana wayar da aka ciro su. Kada ka goge komai, kada ka sayar da wayar. Mafi ƙarfi shi ne ka lallaɓa shi ya sa hannu a takarda cewa kana bin sa kaza. Wannan yana sabunta wa'adin shigar da ƙara, wanda shekara biyar ne ko shida, gwargwadon jiha.

Kotun shari'ar Musulunci ma hanya ce, sai dai ka auna: idan ya musa kuma ba ka da shaidu, rantsuwa za a ba shi, in ya rantse magana ta ƙare.

Tambaya: Na yi nasara a kotu kan wanda nake bi bashi, amma har yau ko sisi bai ba ni ba.
Wata 'yar kasuwa, Zariya

Amsa: Hajiya, ki koma kotun ki nemi a zartar da hukuncin. Idan kin san bankinsa, a nemi umarnin riƙe asusun: bankin zai bayyana abin da ke ciki, sannan alƙali ya sa a biya ki. In ba komai a asusun, ma'aikatan kotu su kwashe kayansa a yi gwanjo. Kada ki tura kowa ya ɗebo da kansa, wannan laifi ne.