Sa bel da ɗaure shi: wane aikatau ake amfani da shi a Turanci?

Malam, ka ce malamin Turancinku a Garwa ya ja jan biro a kan "I attached my belt", kana tambayar ko "tie" ya dace. Duka biyun ba su zauna ba.

"Attach" ɗin nan Faransanci ne ya biyo mu, daga "attacher la ceinture". Bature zai ji kamar ka manna bel ɗin ne a jikin wani abu. "Tie" kuwa sai abin da ake ƙullawa, igiya ko ɗamarar 'yan karate.

In kana zura shi cikin kunnuwan wando, "put on" ne. Da ka ja shi ka soka ƙarfen a huda, ka yi "fasten" ko "buckle". Mutanen Ingila kan ce "do up", kuma ni na fi son ta a hira, ba ta da nauyi. Yana jikinka kuma, "wear". Kada ka ce "I wore my belt" kana nufin lokacin sawa, wannan ne ke kama ɗalibai da yawa.

Kwancewa "undo" ko "unbuckle". A mota ko jirgi "fasten your seat belt" za ka ji. "Tighten your belt" fa a kula, sau da yawa tsuke bakin aljihu ake nufi.