Ranar wasanni ta dangi: ta ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu gidan yawa ne. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mata uku da 'ya'ya da jikoki, kuma duk Babbar Sallah muna haɗuwa a gidan gado ranar uku ga Sallah, mu kai wajen mutum 60. Abin da muke yi bai wuce a ci nama a sha lemo ba, samari kowa ya duƙufa kan wayarsa. Bana ni aka ɗora wa shirya wasanni da kowa zai shiga, tun daga Hajiya Babba da ta haura shekara 70 har yaran da ba su shiga firamare ba. Ta ina zan fara? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya ji ƙan Baba, ya ƙara haɗa kanku.

Kafin ki zaɓi wasa ko ɗaya, ki fara da rabon rukuni, domin a gidan mata uku nan ne gizo ke saƙa. Idan kika bar mutane su raba kansu, kafin ki ankara 'ya'yan ɗakin uwargida sun koma gefe guda, na amarya sun koma ɗaya gefen. Daga nan wasa ya daina zama wasa, ya zama 'yan ubanci a fili, ƙwallo ɗaya da aka yi gardama a kanta za a yi ta maganarta har Sallah ta zagayo. Saboda haka ki yi rabon da ƙuri'a a gaban kowa. Ki yayyanka takardu launi uku ko huɗu ki zuba a kwano, amma a ɗauka tsara-tsara: ƙananan yara su ɗauka su kaɗai, sai 'yan makaranta, sai samari da 'yan mata, sai manya. Ta haka kowane rukuni zai samu tsohonsa da jikansa da majiya ƙarfinsa, kuma ɗakunan sun cakuɗe. A sa wa rukunonin sunan launi kawai. Kada a sa sunan uwa ko na wani babban wa.

Akwai kuma abin da al'adarmu ta riga ta tanadar miki kyauta. Kaka da jika abokan wasa ne, haka taubasai, ɗan mace da ɗan namiji. Idan kika haɗa su a gasa, dariyar da za a yi ba sai kin nemo ta ba. Amma ki kiyaye inda ake jin kunya. Kada ki sa suruki ya yi tseren buhu a gaban surukarsa, kada ki haɗa uwa da ɗanta na fari a wasan da sai ta kira sunansa. Wanda ya ce shi kallo zai yi a ƙyale shi, a ba shi rubuta maki ko riƙon usur.

Batun lokaci kuwa, Sallah tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka ki duba yanayin da ta faɗo. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Arewa yakan kai digiri 40, wanda ya sa yara gudu da tsakar rana a irin wannan lokaci ya ɗauki alhakinsu. Ni na fi son a raba ranar biyu. Wasannin gudu a yi su da safe, daga ƙarfe 7 zuwa 10. A huta, a ci abinci, a yi Azahar, a yi wasannin zaune a inuwa. Bayan La'asar a koma fili a yi na ƙarshe, a tashi kafin Magariba. Idan damina ta sauka, ki tanadi zaure ko aji da za a fake.

Filin makarantar firamare mai katanga ya fi ko'ina, domin ana hutun Sallah, kuma matan da ba za su yi gudu a kan titi ba za su sake a ciki. A nemi izinin hedimasta tun da wuri, a sanar da mai unguwa. Ranar jajibirin wasan ki tura samari su bi filin ƙafa da ƙafa su tsince kwalba da ƙusa da ƙaya, su cike ramuka, su shata layi da toka. Idan gidanku na masu kulle ne, mata su yi nasu a tsakar gida, a haɗa makin da na maza. Maki ɗaya ne, na rukuni ne.

Yanzu wasannin. 'Yan ƙasa da shekara 6 ba sa buƙatar doka mai yawa: a zuba murafan kwalba ko lemun tsami a tabarma, su kwasa su kai kwando, kowa ya samu alewa. Ba a fitar da na ɗaya a cikinsu, kuka kawai za ki saya. 'Yan firamare su ne masu tseren buhu da tsallen igiya da tseren cokali. A ɗora lemun tsami a cokalin maimakon ƙwai, ƙwai ya yi tsadar da ba za a fasa shi a ƙasa ba. Buhun kuma na hatsi, ba wanda aka zuba taki ko maganin feshi ba.

Samari a ba su langa, kada a tsaya kan ƙwallo kaɗai. Mutum ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar yana bangazar abokin karawa, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita, kuma kowane ɓangare yana kare ɗan wasansa guda da ake kira "ruwa" har ya isa inda aka shata. Ba ta buƙatar ko sisi, kuma ba wasan raini ba ce, tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa. Su waɗannan biyun dai ban ba ki shawarar sa su ba. Ɗan'uwa ya kayar da ɗan'uwa a gaban iyayensu mata, ba kowace zuciya ce ke ɗauka ba. Ita ma langar a yi ta a kan yashi, kuma tsara da tsara.

'Yan mata suna da 'yar gala-gala da carafke da gaɗa. A nan ne iyaye mata za su ba ki mamaki. Matar da ta ce gwiwa ta hana ta tashi, ki miƙa mata tsakuwa ki ga yadda hannunta zai cilla ɗaya sama ya share na ƙasa kafin ta sauko, jikokin da suka saba da waya suna kallo baki buɗe. Ki sa carafke ta zama gasar kaka da jika.

Dattawa maza ga dara. Gurbi 30 ake haƙawa a ƙasa, layi 5 kowanne da gurbi 6, kowa da 'ya'ya 12, ɗaya ya riƙe tsakuwa ɗaya ya riƙe guntayen kara, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda. Hajiya Babba kuwa a shimfiɗa mata darduma a inuwa ta zama alkaliyar kacici-kacici da ƙarasa karin magana. Ki ƙara da wasan da na fi so a taron dangi: tambayoyin asali. Wace ce kakar Baba ta wajen uwa, daga wane gari aka taso, wa ya gina zauren gidan. Kowane rukuni dole ya koma wurin tsohonsa ya tambaya, kuma makin wannan daidai yake da na ƙwallo. Da zarar samari sun gane amsar kaka tana iya ɗaga su sama, za ki ga sun kewaye ta.

Na ƙarshe bayan La'asar shi ne gudun miƙa sanda: yaro ya ruga ya miƙa wa yayansa, shi ya miƙa wa babba, dattijo ya ƙarasa taku goma da tafiya, ba gudu. Idan za a yi jan igiya, a samo mai kauri, kuma a hana kowa naɗe ta a hannu, domin idan aka fizga tana iya karya yatsa.

Lafiya ba a wasa da ita. Tun kafin ranar ki bi iyaye a asirce ki tambayi wane yaro ne mai sikila ko asma, wane babba ne mai hawan jini ko ciwon suga. Mai sikila ƙishirwa da gajiya mai tsanani suna tayar masa da ciwo, don haka a ba shi wasan inuwa ko riƙon tuta, yana shan ruwa a kai a kai, ba tare da an yi shela ba. Yara in wasa ya yi daɗi ba sa tunawa da ƙishirwa, sai an busa usur an tilasta musu sha. Wanda ya fara jiri ko ciwon kai ko amai a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya rikice ko ya suma, asibiti kai tsaye, don haka a bar mota ɗaya da direbanta a bakin ƙofa. Auduga da filasta da bandeji su kasance a hannun mutum ɗaya da kowa ya sani.

Kuɗi kada ki ɗauka ke kaɗai. A yi karo-karo a zauren WhatsApp na dangi, ki rubuta abin da aka saya ki tura kowa ya gani. Kyauta kuma kada ta zama kuɗi, kuɗi na jawo gardama. Sabulu, littafin rubutu da biro ga yara, turare ko ɗankwali ga iyaye. Rukunin da ya zo na ɗaya a ba shi kofi ɗaya da za a ajiye a ɗakin Hajiya Babba har baɗi, wanda ya zo na ƙarshe kuma shi zai naɗe tabarmi ya share fili, a sanar da hakan tun kafin a ɗauki ƙuri'a.